Tagar Kariyappa

Mijina Kariyappa ya rasu a watan da ma'aikatan gyara suka zo tsohon haikalin abin bautarmu Shiva na bayan ƙauyenmu. Shekara arba'in yana kiwon awaki a kangon nan. Har matan da aka sassaƙa a jikin ginshiƙai suna rawa sai da ya raɗa musu suna. Wadda hancinta ya gutsure, wai ni ce.

Rufin zauren gaba ya rufta tun kafin kakanninmu. Ma'aikatan suka riƙa sa wa duwatsun lamba suna mayarwa, ba siminti, dutse kan dutse yadda mutanen dā suka yi. Zaman gida ya ishe ni, sai na fara kai musu gurasar dawa.

Saura kwana uku bikin girbi na tarar da Thimmanna magini yana sassaƙa dutse zai toshe wani rami a bangon yamma.

"Thimmanna, ajiye gudumar nan!"

"Iya Durgavva, gini kika koma? Gurasar ma jiya kin ƙona ta."

"Ka dai cinye har da ƙanzon. Ramin nan ba fashewa ba ce."

Shailaja, injiniyar da ke shugabantarsu, ta matso. "Kaka, takardunmu ba su nuna taga a nan ba. Ruwan sama ke shiga."

Na faɗa mata abin da Kariyappa yake faɗi kowace shekara: ranar bikin da yamma, rana takan shigo ta ramin, ta bi tsakanin ƙahonin bijimin dutse da ke kwance a zauren, ta sauka kan baƙin dutsen Shiva a ɗakin ciki. Daga kakansa ya ji. Tarin duwatsu ya tare hanyar, har ya mutu yana jiran a kwashe.

"Wato ke ba ki gani ba, shi ma bai gani ba," in ji Thimmanna. "Sai mu tambayi awakin."

Shailaja ta zura hannu cikin ramin ta shafa. "Gefensa sumul yake, kamar da gangan aka sassaƙa shi. Kwana uku, Kaka. In ba ta shigo ba, za mu toshe."

Ranar bikin ƙauye ya cika zauren, ana rabon riɗi da mazarƙwaila. Na toshe wa bijimin kunne ɗaya da tafina, kamar yadda ake yi don kada roƙo ya fice, na raɗa masa a ɗayan: "Kada ka kunyata tsohon nan."

Muka yi ta jira. Sai wani siririn haske ya faɗo ƙasa, ya hau bayan bijimin a hankali, ya ratsa ƙahonin. Baƙin dutsen nan na ciki ya yi jawur. Wani ya kaɗa ƙararrawa, mutane suka kaure da sowa. Ina kuka ina dariya, har riɗi ya shaƙe ni.

Thimmanna ya durƙusa ya taɓa ƙafafuna. "Iya, a gaida awakin."

Shailaja ta rubuta tagar a takardunta da sunan Kariyappa. Dutsen da Thimmanna ya sassaƙa yana nan gindin bango. A kansa nake zama in raba gurasa.