Littafi na Bakwai a Jerin Grit

Grit Hanisch tana manna jerin littattafan wannan watan a jikin allon bakin ƙofa sai Herr Zabel, shugaban laburaren, ya fito daga ofis riƙe da kofin gahawa.

"Guda shida na gani," ya ce. "Ina na Mirow?"

"An riga an yi masa talla ko'ina. Na ce a ba wasu fili."

"Frau Hanisch, mutumin nan ɗan garin nan ne. Yau ƙarfe huɗu zai zauna a zaurenmu, ke kuma za ki gabatar da shi. Ya shigo ya tarar babu littafinsa a jerinmu? So kike ya saka ni mugu a littafinsa na gaba?"

Ta yi dariyar yaƙe, ta ɓare takardar ta koma teburinta.

Shekara goma sha ɗaya ke nan tana rubuta wannan jerin, kuma mutanen garin sun yarda da zaɓinta. Na wannan watan na labaran leƙen asiri ne da makircin siyasar Turai. Akwai na wata tafinta a Brussels da ta ji abin da bai kamata ta ji ba, da na wani jami'in kwastan a bakin teku, da na ministan da direbansa yake kai rahotonsa. Kowanne ta ba shi layi biyu ba tare da wahala ba. Da ta rubuta lamba bakwai sai yatsunta suka tsaya.

Ranar Asabar ta karanta littafin Mirow a ɗakin girki, mijinta Uwe yana waje yana gyaran keke. A tsakiyar labarin akwai wata yarinya 'yar shekara sha tara, ma'aikaciyar laburare a wani ƙaramin gari kafin katangar Berlin ta faɗi. Duk Alhamis wani jami'in tsaro yakan zo ta ba shi sunayen masu aron wasu littattafai. Cikinsu akwai wani ɗalibi da aka kora daga makaranta, ya yi shekara biyu a kurkuku.

Haka kuwa aka yi, har ranar ma bai kuskure ba. Grit ce yarinyar, marubucin kuwa shi ne ɗalibin. Da hannunta ta rubuta sunan Jochen Mirow. Jami'in ya ce mata in ta ƙi, ƙanenta ba zai taɓa ganin ƙofar jami'a ba. Wata goma sha huɗu ta yi tana ba shi sunaye. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, har Uwe.

Da rana Herr Kuschel ya zo dawo da littattafai. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, ba ya karanta komai sai labaran leƙen asiri.

"Kwana biyu na gama na Mirow," ya ce, ya jingina da kanta. "Yarinyar nan ta laburare, ni dai na san ba ƙirƙira ba ce. Ke kina nan lokacin, ko?"

"Ƙaramar ma'aikaciya ce ni. Goge shelf ɗin littattafai kawai nake yi."

"Ai masu goge shelf su ne masu ganin komai. Duk littattafan da kike ba ni haka suke nunawa." Ya yi dariya har da tari. "Yau sai na tambaye shi a gaban kowa."

"Marubuta ba sa faɗa, Herr Kuschel."

"Ba su haɗu da ni ba ne."

Bayan ya fita ta shiga banɗaki ta tara hannuwanta a ruwan sanyi. Ta ɗauko waya za ta kira Uwe, ta mayar da ita aljihu. Me za ta ce masa a minti biyu, bayan shekara talatin da aure? Ta yi tunanin ta ce ba ta da lafiya ta tafi gida. Amma idan aka ambaci sunanta kujerarta babu kowa, ai ta amsa laifi ke nan.

Ƙarfe huɗu zauren ya cika. Almut Reinke, ma'aikaciyar jinya mai ritaya, ta kawo farantin kek ɗin tuffa kamar yadda ta saba duk wata, ta zauna a layi na biyu. Mirow ya shigo da sanda, gashinsa fari fat. Grit ta karanta gabatarwar daga takarda, ba ta ɗaga kai ba. Ya yi karatu na rabin awa, ita kuwa ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnenta ba.

Ana buɗe filin tambaya Herr Kuschel ya miƙe.

"Herr Mirow, mu nan duk 'yan gida ne. Yarinyar nan, wace ce?"

Mirow ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa. Grit ta riƙe gefen kujera.

"Ba yarinya ba ce," ya ce. "Ni na mayar da ita yarinya don labarin ya yi daɗi. A takardun jami'an tsaro a kaina da na gani daga baya babu suna na gaskiya, lakabi ne kawai. Amma wa ke riƙe da mabuɗin akwatin katunan aro? Shugabar wurin. Ta rasu yanzu, ban ga amfanin kiran sunanta ba."

Bai kira ba, amma duk wanda ya haura hamsin a zauren ya san Frau Reinke ce shugaba a lokacin. Kawuna suka fara juyawa a hankali zuwa layi na biyu. Almut tana zaune a miƙe, jakarta a cinya, tana kallon bango. Mahaifiyarta ake nufi. Marigayiyar ce matar da ta ɗauki Grit aiki, wadda takan bar mata mabuɗin akwatin duk Alhamis ta tafi duba mijinta a asibiti.

Grit ta ji numfashinta ya dawo. Ta tsira. Sai kuma ta ji kunyar wannan sauƙin ta rufe ta tun daga wuya har fuska.

Aka tashi, aka yi layin masu son ya sa musu hannu a littafi. Da ta kawo masa ruwa Mirow ya kama hannunta.

"Na gane ki tun ɗazu. Ke ce 'yar siririyar nan da take ajiye mini littattafai a ƙarƙashin kanta. Ban manta ba. Na gode."

Wannan ma gaskiya ne, ta yi. Ta zare hannunta a hankali.

Ta duba layi na biyu, babu Almut. Babu wanda ya taɓa kek ɗin, farantin ma an ɗauke. Herr Zabel yana kiran ta a kwashe kujeru, ta wuce shi ta fita ko rigar sanyi ba ta ɗauka ba.

A tashar bas ta same ta, tsaye ita kaɗai, rungume da farantin.

"Kada ki ba ni haƙuri, Grit," Almut ta ce ba tare da ta juyo ba. "Tun ɗazu nake ƙoƙarin tunawa. Wataƙila ta yi. Wa ya san uwarsa da gaske?"

Bas ta ɓullo daga kwana, ta tsaya, ƙofa ta buɗe. Almut ta ɗaga ƙafa za ta hau.

"Bari wannan ta wuce," Grit ta ce. "Akwai wata ƙarfe shida da rabi."

"Me ya sa?"

"Ba ita ba ce. Na san wadda ta yi."

Almut ta juyo ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Direba ya gaji da jira ya rufe ƙofa ya ja. Sannan Almut ta ajiye farantin a kan benci, ta zauna, ta matsa gefe ta bar wa Grit wuri.