Furen Yasmin a Farantin Jarabawa

Thenmozhi ta ɗaga farantin gilashin zuwa hasken taga, ta sauke, ta sake ɗagawa, ko abin zai canja. Ina! Inda ya kamata ta ga ɗigo-ɗigon ƙwayar cuta iri ɗaya, farare tas, wata koriyar fumfuna ce mai gashi-gashi ta baje abinta.

Farantin nan shi ne jarabawarta ta ƙarshe a kwalejin garinsu. Malama Sivagami ta faɗa tun farkon zango: duk wanda shukarsa ta gurɓace, sai ya maimaita shekara. Ga shi asibitin da ya yi mata alkawarin aiki a ɗakin gwaje-gwaje ba zai jira ta ba.

To a ina ta kuskure? Ta ƙona siririyar wayar ƙarfen da ake shuka ƙwayoyin da ita har ta yi jawur. Ta wanke hannu. Numfashi ma riƙe shi ta yi, har jiri ya ɗebe ta. Ko gashinta ne? Ko dai tun asali aikin nan ba nata ba ne?

"Ke manomiya, me aka girbe?" Kathiravan, abokin teburinta, ya leƙo yana dariya. Da ya ga farantin, sai dariyar ta maƙale masa.

Sannan ne ƙamshi ya bugi hancinta. Ƙamshin furen yasmin. Yau aka dawo daga hutun Ayudha Puja, bikin girmama kayan aiki, kowace na'ura a ɗakin tana ɗauke da ɗigon turaren sandal da jar hoda na neman albarka, kamar kowace shekara. Ta karkata farantin. Can ciki, ƙarƙashin fumfunar, ga ɗan fure ya yanƙwane.

"Kathir. Wa ya buɗe min faranti?"

Ya sosa ƙeya. "An sa wa madubin duba ƙwayoyin cuta albarka, an sa wa almakashi, har tsintsiya ta samu. Naki kaɗai na gani ba komai. Murfin kawai na ɗan ɗaga, na sa fure ɗaya. Don ki ci."

"Don in ci? Kai, sakarai, karatun me kake yi a nan?"

"A lokacin ba ƙwayoyin cuta ne a raina ba."

Me za ta yi yanzu? Ta mare shi ne? Ta yi kuka? Kuma me ya sa ƙirjinta yake bugawa haka, shekararta na shirin salwanta amma kunnenta na ta maimaita maganarsa?

"Lambun wa ke nan?" Malama Sivagami ce a kansu.

Kathiravan ya yunƙura zai yi magana. Taɓa jarabawar wani kora ce, kowa ya sani. Thenmozhi ta take masa ƙafa.

"Nawa ne, Malama."

Malama ta daɗe tana duban farantin, ta dubi furen, ta dube su biyun.

"A bakin nan akwai ɗigo ɗaya da fumfuna ba ta kai ba. Ɗauko shi ki shuka a sabon faranti. In ya fito tsab, kin ci. In hannunki ya goce, sai baɗi."

Thenmozhi ta kunna wuta, ta ƙona wayar. Hannunta na ta rawa, ta kasa gane ko jarabawar ce ko wanda ke tsaye a bayanta.

"Kathir, fita waje."

"Amma ni..."

"Don Allah fita. Kada dai ka yi nisa."

Ƙofa na rufuwa, rawar ta tsaya. Ta sunkuya, ta ɗauko ɗigon shi kaɗai, ba ta taɓa ko silin fumfunar ba.