Kwanso Mai Hula

"Mama, me ya sa kwanson Kaka guda ɗaya ya sa hula, sauran kuma kansu a buɗe?"

Kerrin na murza fulawa. 'Yarta Tilda, mai shekara biyar, ta manna hanci a gilashin murhun gashi tana leƙe.

Kwansunan harsashin na mahaifin Kerrin ne, tsoho Merv. Libarbar kakansa ce da shi, wadda aka daina ƙera harsashinta tun kafin a haife shi. Shekara tara ya yi yana farautar kwansunan tagulla da za su shige ta, har daga tsibirin Tasmaniya, kafin ya haɗa ashirin da huɗu. Shi yake ɗura musu albarushi irin na da, ya toshe bakin da dalma. Duk Asabar in ya dawo daga filin harbi sai ya juye su a ruwan sabulu, don baƙin albarushi na cin tagulla, sannan ya shanya su a murhunta da 'yar wuta kaɗan.

Kerrin ta durƙusa ta leƙa. Can ƙarshen faranti, ɗaya na kwance da dalmarsa a ka.

Ba ta buɗe murfin ba. Ta kashe wutar daga jikin bango, ta sunkuci Tilda, ta fice tsakar gida da fulawa har gwiwar hannu.

Merv na bakin rumfarsa yana goge libarbar da tsumma.

"Baba, guda nawa ka harba yau?"

"Duka mana, Kerrin."

"Duka suka tashi?"

Tsumman ya tsaya. Ya shafa aljihun rigarsa, inda yake zuba kwansuna in ya harbe, ya ji wayam.

"Ɗaya ya ƙi tashi," ya ce a hankali. "Na jefa shi aljihu da niyyar warewa."

"To yana cikin murhuna, ya sha wanka yana shan ɗumi."

Suka zauna su uku a inuwar tankin ruwa, nesa da tagar kicin. Kerrin ta ɗora Tilda a cinya, ta riƙe ta gam. Merv ya fara bayanin cewa minti biyar ba ya isa ya tayar da harsashi, wutar ma ƙasa-ƙasa ce, ga shi ya jiƙe. Ta dube shi sau ɗaya, ya katse bayanin. Ita fuskar da ta manne da gilashin nan kawai take gani.

Awa guda suka yi, ba abin da ya yi ƙara sai tsuntsaye a kan waya. Merv ya shiga shi kaɗai, ya fito da farantin ya huce sarai, harsashin a tafin hannunsa. Sai a lokacin dariya ta kuɓuce wa Kerrin har da ƙwalla.

"Shekara arba'in kana koya wa mutane kula da bindiga, yau 'yar shekara biyar ta gyara maka aiki."

"Idon gidanmu ta gado," in ji Merv.

"Ba dai naka ba. Ina tabarau?"

"A mota."

"Kaka, kar ka cire masa hular," Tilda ta ce, "zai ji sanyi."

"Cirewa zan yi, Gimbiya, yau ɗin nan. Kwanson dai ba zan yar ba."

"Kwansonka ya dame ka," Kerrin ta ce. "Daga yau rufin kwano ne murhunka, rana kyauta ce. Kicin ɗina na burodi ne."

Bai yi musu ba. Da yamma ya jera ashirin da uku a kan kwanon kejin kaji, yana leƙa bakin kowanne da tabarau a hanci.

Ke da kike da irin wannan tsoho a gida, kar ki yarda da "na duba". Kar kwanso ko ɗaya ya kusanci wuta sai kin ga cikinsa da idonki, kuma ki janye yaranki daga gaban gilashin.