Fitilun Sabuwar Mota

Tsuneo bai taɓa son motar nan ba. 'Yarsu Michiyo ce ta saya musu ita, ta aiko daga birnin Sendai tare da sharaɗi: muddin zai iya kai mahaifiyarta wankin ƙoda a asibitin garin Yokote ya dawo da ita lafiya, su ci gaba da zama a gidansu na ƙauye. Ranar da tuƙi ya gagare shi kuwa, sai su tattara su koma wajenta.

Tsohuwar a-kori-kurarsa fitilunta zafi gare su, dusar ƙanƙara na sauka tana narkewa. Na sabuwar farare ne tas, amma sanyi ƙalau. In ƙanƙara mai laima ta manne musu, nan za ta yi ta taruwa har ta rufe su ruf.

Ran nan sun baro asibiti da la'asar sakaliya, duhun hunturu ya fara sauka. Matarsa Kiyoe na gefensa, ta ƙudundune cikin bargo, wankin ya tsotse mata ƙarfi. Suna barin gari hanya ta soma dushewa. Tsuneo ya matso da ƙirjinsa jikin sitiyari.

"Baba," in ji ta. Haka take kiransa tun da aka haifi Michiyo. "Ko kunkuru sai ya wuce mu."

"To sauka ki hau shi."

"Fitilun ne kuma?"

"Su ne. Motar 'yarki ce ai, ado kawai."

Ya tsaya gefe, ya fita. Iska ta watsa masa ƙanƙara a fuska. Ya durƙusa da ƙyar, ya tarar da fitilun sun toshe, sai wani haske-haske ke fitowa kamar aci-balbal a bayan labule. Abin ya yi masa daɗi. 'Yan watannin nan duk yamma sai ya ga kamar hayaƙi a gabansa, bai gaya wa kowa ba. Ashe dai ba idonsa ba ne. Ya sa safar hannu ya share mai taushin, ya kankare ta ƙasa da ɗan faifan roba, a hankali don kada ya karce gilashin. Ruwan zafi na cikin gora a mota, amma bai taɓa shi ba. Maƙwabcinsu ya taɓa kwara wa tasa fitilar, murfin ya tsage.

Ya koma ciki yana hura yatsu.

"Yauwa!" in ji Kiyoe. "Kai, kamar rana. Har rumfar kayan lambun Takahashi nake hangowa."

Tsuneo ya duba. Babu rumfa. Fari ne kawai ya ƙara fari, ya bazu ba gefe ba tsakiya.

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar. Ya sake fita ya shafa fitilun da tafin hannu. Santsi sumul, babu komai a kansu. Ya daɗe tsaye a gabansu har ƙanƙara ta taru masa a kafaɗa.

Da ya shigo bai taɓa giyar motar ba. Kiyoe ta juyo tana kallonsa.

"Tun yaushe?"

"Tun girbi."

"Tsohon banza. Da ni kake kwana ɗaki ɗaya."

"Da na faɗa, da kin faɗa wa Michiyo."

"Da ban faɗa ba."

Babu mota gaba, babu baya. Sanyi ya fara shiga ta ƙasan ƙofa, ga ta ba jini a jiki. Ta yaye bargon daga kanta, ta gyara zama.

"Ja mu tafi. Sandunan bakin hanya masu ja da fari, ni ina ganinsu. Zan riƙa faɗa maka."

Haka suka taho. "Ga ɗaya. Matsa dama kaɗan, gonar shinkafa ce a ƙasa. Miƙe. Ga wata." Muryarta na ƙara yin ƙasa. A kwanar gada ta yi shiru, barci ya fizge ta, sai da ya ji taya ta nutse a tudun ƙanƙara ya taka burki. Ta farka a firgice, ta ba shi haƙuri. Ya sake fita ya share fitilun, don ita.

A gida ya kunna murhun kananzir, ya ɗora miya. Ta zauna kusa da wuta tana rawar sanyi.

"Jibi ma sai mu yi haka," ta ce. "Zan sha shayi mai ƙarfi, ba zan yi barci ba."

"'Yan makaranta na bin gadar nan da yamma," in ji shi.

Ya ɗauko wayar ya ajiye mata a cinya.

"Kira Michiyo. Ni ba na ganin lambobin."

Kiyoe ta riƙe wayar ba ta danna ba. Ta ɗaga kai tana duban azarar ɗakin, da ke ƙara a hankali saboda nauyin da ke bisa.

"In mun tafi, wa zai kwashe ƙanƙarar rufin? Kafin bazara zai rufta."

"Zai rufta," in ji Tsuneo. "Kira ta."