Guɗar Kaka Mayang

A cocinmu da ke bayan tashar jirgin ƙasa a Ngaundere, ƙungiyar mawaƙa ba ta rasa muryoyi ba. Shugabanmu Malam Ebode ne, mutumin Ewondo, wanda ya yi ritaya daga aikin jirgi amma har yanzu yake ɗaga hannu kamar mai tsayar da tarago. Akwai Madam Kengne, 'yar Bamileke mai shagon atamfa, wadda muryarta ke kaiwa har bakin titi. Akwai Papa Ndinga, mutumin Gbaya, mai buga mana ganga. Sauran kuwa mutanen Dii ne da Mbum da 'yan Bamenda da 'yan Cadi. Ni malamar firamare ce, ina layin baya cikin mata masu kaurin murya, kuma ni ke shirya yara ranar Asabar don karɓar jibin Ubangiji na farko.

Muna da ganga, muna da balafon, abin kiɗan nan na jerin katakai, muna da riguna iri ɗaya. Abin da muka rasa shi ne ƙarshen waƙa. Farawa tare muke yi. In an zo saukewa kuwa, mutanen Ewondo su ja kalmar ƙarshe, 'yan Bamileke su maimaita layin, 'yan Bamenda sun riga sun zauna, Papa Ndinga kuma ya ƙara 'yan bugu don kada gangar ta huce farat ɗaya. Fada Nformi, limamin cocinmu, ya saba. Yakan tsaya a bagadi hannuwa a buɗe, sai ya ji mutum na ƙarshe ya yi shiru, sannan ya ce mu yi addu'a.

Malam Ebode ya taɓa gwada maganin abin. Wata Lahadi ya sare iska da hannu a tsakiyar waƙar Gbaya, ashe ya yanke ta ne ana cikin ambaton Maryamu. Papa Ndinga ya ɗauki gangarsa ya tafi gida, sai da Fada ya bi shi da kansa. Tun daga ranar aka kafa doka: mai yare shi ke ɗaga waƙarsa, shi ke sauke ta, shugaba ba ya sa hannu. Dokar ba ta gyara ƙarshen waƙa ba, amma ta hana faɗa.

Cikin yaran da nake shiryawa a shekarar akwai Blandine, 'yar shekara tara, mai ƙaramar murya da ba ta kauce hanya. Kakarta, Kaka Mayang, ita ta rene ta, don uwar tana aiki a Duwala. Kaka 'yar Mundang ce daga wani ƙauye can arewa. Ba ta jin Faransanci, Fulatancinta na cefane ne kawai, kuma babu mai jin yarenta a cocinmu. Kowace Lahadi takan zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, ta tashi in an tashi, ta durƙusa in an durƙusa.

Wata Asabar bayan darasi Blandine ta tsaya tana tattara alli, alhali ba aikinta ba ne.

"Malama, Kaka ta ɗaure kayanta."

"Ina za ta?"

"Ƙauye. Ta ce da zarar na karɓi jibi aikinta ya ƙare. Ni kuma a kai ni Duwala. Ta ce a nan zamanta kamar na tukunya ne, a ajiye ta a lungu."

"Ke me kike so?"

"In ta ji yarenta a coci za ta zauna. Na iya wata waƙa tata. Tana yi in tana tsinke ganye."

Ban san ko hakan zai tsayar da tsohuwa ba, kuma ban ce mata zai tsayar ba. Na dai kai ta wurin gwaji ranar Alhamis da la'asar.

"Babu wuri," in ji Malam Ebode. "Waƙar shiga ta Ewondo ce, waƙar ɗaukaka ta Gbaya, waƙar fita ta 'yan Bamenda. Kowace kafa da mai ita."

"Waƙar baiko fa, ta lokacin kawo sadaka?" na tambaya.

"Baiko nawa ne," in ji Madam Kengne. "Tun kafin a haifi yarinyar nan nawa ne."

"Shi ya sa mutane ke jefa baiko da gudu," in ji Papa Ndinga. "Su jefa su tsere kafin kunne ya fashe."

"Kai da gangarka kamar ana sussukar masara, har kana da bakin magana?"

"Masarar ce ta ƙosar da ke, Madam."

Na bar su suka gama, don in an katse su sai sun sake daga farko. Sannan na ce Blandine ta rera. Waƙar gajera ce: mai ɗagawa ta faɗi layi, jama'a su amsa da 'yan kalmomi, a sake. Ma'anarta, in ji Blandine, ga abin da gona ta bayar, mun kawo maka. Madam Kengne ta saurara tana murza zoben hannunta.

"Amshin yana da wurin hawa sama," ta ce. "To. Na ba da aro. Aro na ce, 'yata, kin ji?"

Muka yi ta gwaji a ɓoye, Kaka ba ta sani ba. Blandine takan ɗaga, mu amsa, in ta zagaya sau kaɗan sai ta yi shiru, mu kuma mu watse kamar yadda muka saba. Babu wanda ya tambaye ta yadda ake sauke waƙar a ƙauyensu, ita ma ba ta ga dalilin faɗa ba.

Ranar karɓar jibi coci ya cika har tagogi. Da aka zo baiko, Blandine ta fito cikin farar riga ta ɗaga waƙar. Muka amsa. Daga inda nake ina hango bencin ƙarshe. Kaka Mayang ta ɗago kai, ta waiga baya, kamar mai zaton daga waje ake kiranta. Sai ta miƙe. Ta gyara ɗaurin zane, ta ɗan sunkuya, ta shiga layin masu kawo ayaba da doya, tana taka ƙafa a hankali, kafaɗunta suna rawa.

Layin ya ƙare, Kaka ba ta ƙare ba. Ta kai gaban bagadi, ta juya, ta koma ƙofa, ta sake tahowa. Blandine tana ɗagawa, mu muna amsawa. Masu hidima suka jera ayaba, suka sake jera ta. Fada Nformi ya wanke hannu, ya goge, ya tsaya.

Malam Ebode ya dubi Blandine ya zaro ido. Ta dube shi, ta sake ɗagawa. Hannunsa ya fara tashi da kansa, Papa Ndinga ya yi gyaran murya daga bayan ganga, hannun ya koma aljihu.

Na sulale zuwa kusa da yarinyar. Ba mu da damar magana sai a ɗan lokacin da jama'a ke amshi.

"Sauke mana, 'yata."

"Ba ni da iko, Malama." Ta ɗaga layi, muka amsa. "In babba tana rawa yaro ba ya saukewa." Ta ɗaga, muka amsa. "Sai ta yi guɗa."

"Yaushe za ta yi?"

"In ta ƙoshi."

Na kai wa Malam Ebode labari. Ya ce jirgin Yawunde ma yana da lokacin isowa. Madam Kengne, wadda gumi ya jiƙa wa wuyan riga, ta ce aro ta bayar, ba gado ba. Amma ba ta daina amsawa ba. Jama'a ma sun kama amshin, har 'yan Bamenda da ke son a gama komai da wuri. Fada ya nemi kujerarsa ya zauna.

Kaka ta zo gaban Blandine ta tsaya. Ta dube ta tun daga takalmi har lulluɓi. Sannan ta sa hannu a baki ta rangaɗa guɗa, doguwa, siririya, ta yanke ta tsaf.

Coci ya yi tsit. Ewondo, Bamileke, Gbaya, ganga, balafon, duk a numfashi ɗaya. Papa Ndinga ya tsaya hannunsa a sama yana kallonsa. Fada Nformi, da ya saba jiran mutum na ƙarshe, ya ɗan jira, bai zo ba, sai ya tashi ya ce mu yi addu'a.

Bayan an tashi Malam Ebode ya sami Kaka a gindin mangwaro, ya cire hula, ya sa Blandine ta yi tafinta.

"Gaya wa Mama gwaji ranar Alhamis ne. Bencin gaba, kusa da ni. Ba ma son latti."

Blandine ta faɗa, Kaka ta amsa a gajarce.

"Ta ce ba ta jin yarukanku."

"Ce mata mu ma ba ma jin na juna. Ba waƙa za ta yi ba. In ta ga mun isa ta yanke mu da guɗa. Amma ta riƙa tausaya wa Fada."

Kaka ta yi tunani, ta ce wani abu tana nuna Papa Ndinga da haɓa.

"Ta ce mai gangar yana gudu kamar ya ɗauki kayan wani. Ta ce za ta zauna zuwa Kirsimeti ta gyara shi."

"Allah ya ba ki sa'a, Mama," in ji Madam Kengne. "Matarsa ta gwada."

Kirsimeti ya zo ya wuce, Papa Ndinga bai gyaru ba, don haka Kaka ta kwance kayan da ta ɗaure, ta fasa tafiya. Waƙar Mundang kuwa sai jefi-jefi ake yinta, don Madam Kengne ta karɓi aronta. Blandine ta lura da hakan, ta kuma lura Kaka ba ta damu ba, ita ce ma ke fara isa gwaji. A nan ta gane cewa ba yarenta kawai Kaka ta rasa a cocinmu ba. Ta rasa wurin da ake jiranta ne, yanzu kuma duk Lahadi ana jiranta.