Muryar Reuben Tull

Injin da ke janyo jiragen kamun kifi kan tudu ya mutu daidai lokacin da jirgin Silas Adcock ya kafa hanci a tsakuwar gaɓa. Teku kuwa sai tashi yake. Duk raƙumin ruwan da ya zo sai ya daki gindin jirgin ya karkata shi. In ya ba ruwa haƙarƙari, sai dai a tsinci katako.

Maza goma sha biyu suka kama igiya, kowa na ja yadda ya ga dama. Jijiyoyin wuya suka miƙe, wani har da kakarin amai. Jirgi ko gezau.

Sai ga tsoho Reuben Tull ya gangaro yana dogara sanda. Shekara ashirin ba sa ga-maciji da Silas, tun rigimar wata raga da aka yanke.

"Ku sassauta, jakuna!" in ji Reuben. "A jera wa jirgin katakan nan masu kitse a gabansa. Wanda ya ja kafin in ce a ja, zai sha sanda."

"Wa ya kira ka, tsohon banza?" in ji Silas.

"Jirgin. Ya fi ka hankali."

Silas ya kama igiya a sahun ƙarshe.

Reuben ya juya musu baya, ya zuba wa teku ido. Raƙumin ruwa ya zo, ya ƙyale shi. Wani ya zo, jirgin ya yi ƙara, shi ma Reuben ya bar shi ya wuce. Na uku ya shiga ƙarƙashin jirgin ya ɗaga shi.

"Yanzu! Ja!"

Murya ce da Silas ya san ta tun suna samari, ba ta rage komai ba. Bayan maza goma sha uku ya zama baya ɗaya. Jirgin ya hau katako ya zame taku huɗu. Sau uku Reuben ya jira ruwa, sau uku ya yi kira, jirgi ya zauna a busasshiyar tsakuwa.

Silas ya hau ciki, ya zaɓo kifin da ya fi kowanne girma, ya ajiye a gaban Reuben.

"Ka yi jinkiri a ja na biyu," in ji Silas.

Reuben ya juya kifin da bakin sanda.

"Ƙarami ne."

Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauka. Silas ya riƙe masa sandar har ya miƙe.