Rumfar Albasar Yaya Kamalu

Shekarar nan albasa ta yi wa Kamaluddeen kyau har ta rasa wurin zama. Rumbunan da ya kafa a bayan gida sun cika, an ƙara wani ya cika, ga sauran tsibi a ƙofar gida rana na dukansa. Da ya duba gidan nasu na gado a Danwarai, sai idonsa ya faɗa kan rumfar da ke gindin dogonyaro.

Rumfar nan Ayuba ne ya kafa ta, ƙanen Kamalu, kafin ya tafi cin rani Kudu. Ya kafa ta ne saboda 'ya'yansa, don ɗakin matarsa Zinatu rufin kwano ne, tagarsa kuwa ba ta fi tafin hannu biyu ba. In bazara ta kama, ɗakin yakan koma tanda. A rumfar yara ke wuni, nan suke cin abinci, nan randa take, iska na ratsa su.

Hamdiyya, babbar 'yar Zinatu, ba ta daɗe da samun hutun makaranta ba. Ta dawo da bakinta cike da maganar Malama Tabita: a sha ruwa tun ba a ji ƙishi ba, kada a yi wasa cikin tsakar rana, kada a cunkushe a ɗakin da iska ba ta shiga, don lokacin sanƙarau ne. Har ƙanenta Waliyyu take kamawa ta ɗura masa ruwa yana ihu.

Ran da Kamalu ya sa aka fitar da randa da tabarmi, aka shimfiɗa kara a ƙasan rumfar aka fara jibga albasa, Zinatu ta fito ta durƙusa ta gaishe shi. Ta roƙe shi ya bar wa yara ko gefe ɗaya. Hamdiyya ma ta sa baki da abin da malamarsu ta ce. Kamalu ya yi dariya, ya ce su da aka haifa cikin rana har sun yi gemu ba su mutu ba.

"Yaya, ɗakin nan ko babba ba ya iya wuni ciki."

"Ke Zinatu, ɗiya in sun sha zahi su sha ruwa su tashi. Albasa in ta sha zahi, wa ka tashe ta?"

Ta koma ɗaki. Gida nasa ne a yanzu, shi ne babba, mijinta kuma yana can inda waya ba kullum take shiga ba.

Inuwa ta ƙare wa yaran. Da hantsi ya ɗaga sai su shige ɗaki, kwano na ƙara a kansu kamar ana toya shi. Waliyyu ya feso da ƙuraje har wuya. Hamdiyya ta daina surutu. Wata azahar Zinatu ta shiga ta kira ta ta ci abinci, ta tarar da ita kwance jiki kamar garwashi, babu gumi ko ɗigo, idanu sun juye. Ta goya ta, babbar yarinya ƙafafu na jan ƙasa, ta fita titi ta tare mai babur zuwa Aliero.

A asibiti aka ce ba sanƙarau ba ne, Allah ya tsare, zafi ne ya buge ta, ruwan jikinta ya ƙare. Aka sa mata ƙarin ruwa. Ma'aikaciyar jinya ta yi wa Zinatu faɗa kamar ita ta kunna ranar. Ta ce a samar wa yarinya inuwa mai iska, a riƙa yi mata wanka da rana, a yayyafa ruwa a inda take zama.

Kamalu ya zo dubiya da lemo a leda. Ya tsaya bakin gado ya ce ai ga shi ta tashi, dama ya faɗa. Zinatu ta dubi allurar da ke hannun 'yarta, ta dube shi, ta ce an gode, Allah ya saka da alheri. A ranta kuwa maganar ta zauna daram kamar dutse a rijiya.

Da suka dawo gida ta sake roƙonsa rumfar, sau ɗaya, a gaban matarsa. Ya ce sai damina ta kusa, lokacin da albasa ke daraja. Shi ke nan, ba ta sake ta da zancen ba.

Zinatu 'yar manoman albasa ce, a cikinta ta girma. Ta san busasshiyar albasa ba ta da maƙiyi irin laima. Ta kuma san tsakar gidan nan, don ita ke share ta: daga bakin ɗakinta ƙasa ta gangara a hankali zuwa gindin dogonyaro.

Sai ta bi maganar asibiti sau da ƙafa. Ta dawo da wankan yara bakin ɗakinta, a ɗan gefen da inuwar bishiyar ke taɓawa. Hantsi wanka, azahar wanka, la'asar wanka. Ta yayyafa ruwa a ƙasa har ya kwanta. Nan take wanke-wanke, nan take wanki. Ruwan ba ya gudu a fili a gan shi. Ƙasa ke shanye shi, ya bi gangara, ya shige ƙarƙashin karan da albasa ke kai. Kullum sai ta ɗebo ruwa har wuyanta ya ƙage, ba ta taɓa jin aikin da ya yi mata daɗi irinsa ba.

Kamalu yana wucewa ya ga yara tsirara suna tsalle cikin ruwa, har tsokanarta yake yi, wai ta mai da ɗiyan Ayuba agwagi. Ta ce umarnin likita ne, Yaya. Yakan tsaya a rumfar ya ɗauki albasa ɗaya daga sama, ya murza ɓawonta, ya ji ta ƙalau, ya wuce kasuwar Jega hankalinsa kwance. Daga ƙasa kuwa aiki ya yi nisa.

Ƙudaje ne suka fara sani. Bayan su sai wari, kaɗan-kaɗan, har ya kai zaure. Wata safiya Kamalu ya cusa hannu cikin tsibin har kafaɗa, ya zaro shi da baƙin ruwa mai yauƙi. Ya yi ta yaye ta sama yana jifa gefe. Ta ƙasa duk ta narke, ta tsakiya ta fito da tsiro. Ya tona karan, ya ga ƙasa jiƙe sharkaf, ya bi laimar da ido har bakin ɗakin Zinatu, inda take zaune tana cuɗa bayan Hamdiyya.

Ya taka zuwa wurinta.

"Kin san mi kika yi?"

"Wanka nika wa ɗiyana, Yaya."

"Kin san da rabon mijinki cikin wagga albasa?"

"Na sani." Ta kwara wa yarinyar ruwa a ka. "Ka ba albasar ruwa ta sha, ko ta tashi."

Matar Kamalu ta leƙo ta koma. Kamalu ya dubi Hamdiyya, wadda har yanzu tabon allura ke bayan hannunta. Wa zai kai wa ƙara, ya ce uwa ta yi wa 'yarta wanka?

Wuni aka yi ana kwasar ruɓaɓɓiyar albasa a baro ana kaiwa juji. Ɗan abin da ya tsira ya sa aka kai gidan abokinsa. Tun daga ranar bai ƙara amsa gaisuwar Zinatu ba, ta kuma san ranar da Ayuba zai dawo akwai magana mai tsawo a gabanta.

Da yammar ranar ta share rumfar, ta zuba toka, ta kawo sabon yashi. Warin bai fita duka ba. Ta mirgino randa ta mai da ita mazauninta, ta shimfiɗa tabarma. Waliyyu ya toshe hanci ya ce wurin yana ɗoyi. Hamdiyya ta ɗebo ruwa a moɗa ta kama shi ta ce ya sha tukuna, tun bai ji ƙishi ba.